Matar Kawu

"Inna, wai ke kika haifi Yaya Zailani, ko Gwaggo ce ta haife shi?"

Raliya tana tsugune gaban kasko tana juya ƙosai lokacin da 'yarta Sakinatu ta jefo mata wannan tambaya. Yarinyar ba ta fi shekara huɗu ba, tana zaune kan turmi a kife tana lasar yatsu. Matan da ke tsakar gida suka kwashe da dariya. Raliya ta sunkuyar da kai, ta tsame ƙosan da bai gama soyuwa ba.

"Ci abinki ki rufe mini baki," ta ce.

"To ai ba kya faɗin sunansa."

"Ba a faɗa."

Barakatu, wadda ɗakinta ke kallon na Raliya, ta ajiye tsintsiya ta ce, "Ke 'yar nan, bakinki ya girme ki. Ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa gaban mutane, ba ta cewa nata ne. In kin girma kin haifi naki, kunya za ta koya miki."

Zailani shi ne ɗan farin Raliya. Ranar da aka yaye shi aka miƙa shi ga Amariya, yayar mijinta Sammani, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Haka ake yi, ba wanda ya ga abin magana. A lokacin Sabo ba ta daɗe da kafuwa ba, tun da aka tattara Hausawa daga cikin garin Ibadan aka zube su gefen Mokola. Gidajen duk zana ne da jinka, kowa na jin tarin kowa. Gidan Amariya na bayan masallaci, in yaron ya yi kuka Raliya tana ji daga inda take, ta kuma san ko na yunwa ne ko na barci. Sai ta ƙunshe ƙosai mai zafi ta aika, ta ce a kai wa Yaya Amariya. Daga baya mijin Amariya, Jatau, mai bin shanu, ya kwashe iyalinsa ya koma zangon Oyo. Tun daga nan sai in sun zo yawon Sallah take ganin yaron, shi ma da gefen ido.

Dariyar ba ta gama lafawa ba Barakatu ta ce, "Af, kin ma tuna mini. Maigidana ya dawo daga Oyo jiya, ya ce su Jatau sun ɗaure kaya. Ƙafarsa ta gaza bin shanu, gida za su koma."

"Wane gida?"

"Kano mana. Gaba ɗaya. Ai na ɗauka kin sani."

"Malam bai faɗa mini ba."

"To wa zai zo ya zauna yana yi miki zancen ɗan fari? Ke ma dai."

Raliya ba ta taɓa ganin Kano ba. A Ilori aka haife ta, a Ibadan aka yi mata aure. Abin da ta sani kawai shi ne, wanda ya ce zai koma gida ba ya dawowa. Sai dai wata rana wani fataken goro ya ce ya gan shi a kasuwa, ya yi furfura, yana gaida mutane. Yaran da aka tafi da su kuwa ko wannan labarin ba a samu, domin ba mai gane su.

Ta ƙarasa suyar da ke cikin kasko, don ba ta iya barin mai a kan wuta. Ta sauke, ta zare itacen ta yayyafa masa ruwa, ta tura wa Barakatu sauran ƙullun ta ce ta soya ta sayar. Ta shiga ɗaki ta ɗauko zane ɗaya, da sabulun salo, da ɗan gwangwanin man kaɗanya, da allurar da take soke wa a bakin ɗankwali. Ta kwance abin da ke bakin zanenta na cinikin safe ta sake ɗaurewa da kyau. Sammani ya bi maigidansa Shagamu ɗaurin goro, ba ranar dawowarsa ba ce, ba kuma gobe ba.

"Ina za ki?" in ji Barakatu daga bakin ƙofa.

"Oyo."

"Da izinin wa?"

"In Malam ya riga ni dawowa, ki ce na je yi wa yayarsa sallama."

"Yayarsa," Barakatu ta maimaita, tana kallon ta.

"Ita. Ga Sakinatu nan. Kada ki bar ta ta je wajen rijiya, murfin nan ya ruɓe. Tana tari, kada a ba ta ruwan randa da safe, a ɗan ɗumama mata. In ta ce ta ƙoshi ƙarya take yi, ki zauna a kanta ta cinye. Kuma ba ta barci sai an rufe mata ƙafa."

"Na yi raino kafin ki yi, Raliya."

"Na sani. Amma dai ki rufe mata ƙafar."

Tun da aka kawo ta gidan Sammani ba ta taɓa fita daga Sabo da rana tsaka ba. Hasken titi ya yi mata yawa. Ta ja mayafi har goshi, ta bi gefen masu ɗaurin goro da ke jiƙa ganye a ƙofar shaguna, ta fita Mokola. Nan ta sami motar lori ɗauke da buhunan gishiri da garwar kananzir za ta Oyo. A shekarun nan motar ba ta daɗe da fara bin wannan hanya ba, tsofaffi da yawa har yanzu ba su yarda da ita ba. Wasu Yarbawa mata 'yan kasuwa suka kama hannunta suka ja ta sama, ta zauna kan buhu, ta rungume ƙunshinta.

Damina ce, hanya duk taɓo. A Ojoo aka tsaya aka ƙara mutane da kwandunan kaji. A Moniya aka tsaya direba ya ci abinci, ya yi hira, ya sake cin abinci. Suna wuce Akinyele motar ta yi tari kamar tsohon jaki ta tsaya a gindin wani tudu. Direba ya buɗe gabanta ya leƙa, ya yi tsaki, ya shimfiɗa buhu a inuwa ya kishingiɗa. Matan suka fara kwance ƙunshin abinci, alamar sun saba. Raliya ta dubi rana, ta sauka, ta ɗora kayanta a ka ta kama hanya da ƙafa.

Kurmi ya rufe hanyar hagu da dama. Ba ta yi nisa ba ta ji ƙugi, sai ga garken shanu ya doso daga arewa, duk sun rame, haƙarƙari a waje, masu kora na biye da sanduna a kafaɗa. Ta raɓe jikin wata bishiya har suka kusa wucewa, sannan ta yi wa na ƙarshensu sallama, wani dattijo mai tsagar Gobirawa.

"Baba, ko kun bi ta zangon Oyo?"

"Can muka kwana. Ke kuma 'yar nan, ke kaɗai a wannan kurmi?"

"Gidan Jatau nake tambaya. Suna nan?"

"Jatau mai ɗingishi? Na dai ga kaya a ɗaure a zaure. Ke wace ce tasa?"

"Matar ƙanin matarsa ce."

"To ki ɗaga ƙafa," ya ce, ya bi shanunsa.

Ta ɗaga ƙafar, amma ruwa ya tare ta. Da ta shiga Fiditi la'asar ta yi sanyi, zanenta ya jiƙe ya manne mata, taɓo har gwiwa. Ta fake a wata rumfa inda wata Bayarbiya mai jiki take sayar da lemo da eko, wato agidi. Matar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Pele," wato sannu, ta tura mata kujera, ta ɓare mata eko ta zuba miya ba tare da ta tambaye ta ko tana so ba. Raliya tana jin Yarbancin kasuwa, suka yi ta haɗawa.

"Ni Iya Bamidele ake ce mini," in ji matar, tana dukan ƙirji. "Bamidele ɗana ne na fari, kafinta ne a Ikko. Ke Iya wa za a ce?"

Raliya ta ce, "Iya Sakinatu."

"Ita ce ta fari?"

"Akwai wani."

"Ya rasu ne?"

"Yana nan da ransa. Wajensa za ni."

"To me sunansa?"

Raliya ta kalli ƙasa. Matar ta jira, ta sake tambaya da ƙarfi, ko a zatonta Yarbancin ne bai shiga ba. Da ta gane ba za a faɗa ba sai ta tafa hannu ta juya ga maƙwabciyarta mai sayar da barkono.

"Zo ki ji Hausa. Ta sha naƙuda, ta sha ruwan sama, ta tako daga Akinyele, amma sunan yaron ya fi ƙarfin bakinta. Ni da za a hana ni sunan Bamidele, da me za a kira ni? Ai sai in zama ba kowa."

"Mu a wajenmu kunya ce," Raliya ta ce a hankali.

"Kunyar wa? Sato shi kika yi?"

Raliya ta yi murmushi don kada ta yi wani abin. Matar ta ba ta tabarma a ɗakin 'ya'yanta mata, ta shanya mata zane kusa da murhu. Da gari ya waye ta cusa mata lemo a ƙunshi, ta tsayar mata da wata mota mai ɗauke da doya, ta yi wa direban faɗa tun kafin ya yi laifi.

Zangon Hausawa na Oyo bai kai rabin Sabo ba. Ba ta sha wuyar samun gidan ba. Zauren babu kaya. Matar mai gidan, wata doguwa da ake kira Hawa, ta fito da hannu duk gari ta ce, "Ayya. Jiya da hantsi suka tashi. Ogbomosho suka nufa, Jatau zai yi sallama da mutanensa na can, daga nan sai Ilori su hau jirgin ƙasa. Shigo ki sha ruwa."

Ta nuna mata ɗakin da suka zauna. An share shi tas, sai ƙusoshi a bango da tabon fitila. A bayan ƙofa, inda tsintsiya ba ta kai ba, akwai shanun laka guda-guda a jere, an yi musu ƙaho da ƙaya, an yi wa babban tozo. Raliya ta tsuguna ta ɗauki ɗaya. Ga shatin ɗan yatsa a gefen wuyansa, inda aka matsa lakar tana ɗanya. Ta ɗora nata yatsan a wurin. Ya fi yadda take zato girma.

"Aikinsa ke nan, wuni yake yi," Hawa ta ce. "Amariya ta ce ba za a ɗauki ƙasa a kai Kano ba, can ma akwai ƙasa. Ya yi kuka kaɗan. Yaro ne mai haƙuri, ga tambaya. Ya yi ta damun mutane ko za a bi ta Ibadan."

"Ya ce haka?"

"Har sai da Jatau ya daka masa tsawa."

Raliya ta mayar da san inda yake, ta gyara masa tsayuwa. Ba ta zauna cin abinci ba.

Motar Ogbomosho ta cika da mutane har kan rufi. Suka yi ta ratsa ƙananan garuruwa waɗanda ba ta san sunansu ba, kowanne da 'yar kasuwarsa a gindin bishiya, da awaki kwance a tsakiyar hanya, da yara masu bin mota da gudu. Kurmi ya fara sakin hanya, ciyawa ta yi tsawo, sama ta buɗe. A nan ne ta tsara abin da za ta ce. Ba dogon zance ba ne. Yaya, na zo in karɓi ɗana. Ta san in Amariya ta sake shi da bakinta, Sammani ba zai ce komai ba. Ta yi ta maimaitawa a cikin mayafi, ƙarar mota na rufe mata murya. Farkon maganar yana fita sumul. In ta zo kan "ɗana" sai harshe ya yi nauyi, kamar ta ɗebi tuwo mai zafi. Ta yi ta yi har ya fara fita. Wata tsohuwa da ke gefenta ta ɗauka addu'a take yi saboda tsoron mota, ta dafa mata gwiwa.

Bayan azahar ta isa zangon Ogbomosho, aka nuna mata gidan da su Jatau suka sauka. Tun daga waje ta ji luguden taɓare. Gidan cike yake da mata, ana yi wa matafiya guzuri, masu dakan fura na yi, masu suyar nama na yi, hayaƙi ya cika tsakar gida. Amariya na zaune kan tabarma tana ɗaure bakin wani ƙunshi. Da ta ɗago ta ga mai sallama sai hannunta ya tsaya a kan igiyar. Raliya ta ga lokacin da fuskar ta canza, ta kuma ga lokacin da aka mayar da ita daidai.

"Lale, lale. Raliya ce? Ke da wa?"

"Ni kaɗai, Yaya."

"Ke kaɗai. Ikon Allah. Ina Sammani? Ina 'yar tawa mai surutu?"

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Sabo gida-gida. Matan suka matso suna kallon baƙuwar da ta zo daga Ibadan ba rakiya. Sannan Amariya ta ɗaga murya.

"Zailani. Zo ka gai da matar kawunka."

Ya fito daga bayan rumbu, wasu yara na biye da shi. Raliya ta kawar da kai gefe, yadda ake yi. Ƙafafunsa kawai ta gani. Sun yi tsawo, duk ƙura, kuma ba ya taka babban yatsan hagu sosai. Ya durƙusa kusa da ita, har tana jin numfashinsa.

"Sannu da zuwa," ya ce.

"Yauwa," ta ce wa bango.

"Kai, kamar an tsaga kara," wata ta ce. "Dubi goshin."

Amariya ta gyara zama. Ba ta rage murya ba, ta ma ƙara, yadda har masu daka za su ji.

"Raliya, ga ki ga shi. Gobe in Allah ya kai mu sai Ilori, daga can kuma kin san sauran. Ni riƙo aka ba ni, ban haifa ba, ban kuma manta ba. In kina son abinki, faɗi yanzu gaban mutanen nan, ki tafi da shi."

Taɓare suka tsaya. Wata tsohuwa mai jan baki da goro ta yi dariya ta ce, "Ji Amariya da neman magana. Wace uwa ce za ta buɗe baki a kan ɗan fari? Sai ka ce ba 'yar mutane ba."

Idanu duk suka dawo kan Raliya. Maganar da ta yi ta maimaitawa a mota tana nan a maƙogwaronta, a shirye. Amma bakin da aka horar tun tana yarinya ya riga ta.

"Haba Yaya. Ni ina ruwana da shi? Ai naki ne. Ni sallama na zo yi miki."

Ba ta tsorata ba da ta ji abin da ta faɗa. Haka ake yi. In aka miƙo maka abinci ka ce ka ƙoshi, a sake miƙowa. In aka ba ka kyauta ka ce a bar shi, a ce sai ka karɓa. Amariya za ta ce, a'a, ki dai faɗi gaskiya. Ita kuma sai ta yi shiru ta sunkuyar da kai, matan su gane, tsohuwar nan ta ce to a ba ta abinta. Ta sunkuyar da kan tun kafin lokaci, tana jira.

"To madalla," in ji Amariya. "Kun dai ji. A kawo wa baƙuwa ruwa, ta sha hanya."

Taɓare suka ci gaba. Tsohuwar ta ce, "'Yar halak. Irin wannan kunya yanzu sai an tona." Da Raliya ta juyo, wurin da yaron ya durƙusa babu kowa.

Ta sha ruwan. Ta taya su tsinke zogale, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba. Sai da rana ta yi ja, Amariya ta zagaya bayan gida kwashe shanya, sannan ta bi ta.

"Yaya, kin san abin da ya kawo ni."

Amariya ba ta juyo ba. Tana ninke zane. "Na tambaye ki."

"Kin tambaye ni a inda kika san ba zan iya amsawa ba. Kuma sau ɗaya."

"Sau ɗaya," Amariya ta yarda. Ta ɗora zanen a kafaɗa ta juyo, idanunta sun kaɗa. "Da na ja ki ɗaki na tambaye ki, da me zan shiga Kano? Na bar gida da ƙuruciyata, in koma da tsoho mai ciwon ƙafa da tukwane? Ke kina da Sakinatu, kuma za ki ƙara. Lokacin da ya yi ƙyanda, a bayana ya yi ta. Ni na san abin da yake ci da abin da yake tofarwa."

"Ban ce ba ki riƙe shi da kyau ba."

"To me kika ce?"

"Ɗana ne."

Ya fita sumul, a bayan gida, gaban igiyar shanya da kaji biyu. Amariya ta gyara zanen da ke kafaɗarta.

"Yanzu kika iya," ta ce. "To. Ba zan yi miki rantsuwa ba, amma ba zan ɗaure shi ba. Da safe ki tambaye shi da kanki. In ya ce zai bi ki, ku tafi."

Da hantsi, ana fitar da kaya zuwa bakin hanya, Raliya ta sami yaron zaune a kan kututture kusa da rijiya, shi kaɗai. Ta waiga, ba mai kallo. Ta tsuguna a gabansa.

"Mu ga ƙafar."

Ya ɗan yi jinkiri, sannan ya miƙo. Jiga ce, ƙwaron nan da ke shiga gefen farce ya yi ƙwai. Wurin ya kumbura ya yi fari, da ɗigon baƙi a tsakiya. Ta ɗebo ruwa ta wanke ƙafar da sabulun salo har tsakanin yatsu. Ta zare allura daga ɗankwali, ta je murhu ta sa bakinta a garwashi, ta dawo. Ta ɗora ƙafar a cinyarta. Rabon da ta taɓa jikinsa tun ranar yaye.

"Zai yi zafi kaɗan. Kada ka janye, in jakar ta fashe a ciki sai ta ruɓe."

"Ba na kuka," ya ce.

Ta yi ta buɗe fatar a hankali, gefe-gefe, kanta a sunkuye. Hakan ya fi mata sauƙin magana.

"Ka san ko ni wace ce?"

"Matar Kawu." Sannan ya ce, "Wani mai kora shanu ya ce mini ke kika haife ni."

"Gaskiya ya faɗa."

"Jiya da kika shigo na gaya wa yaran gidan nan. Na ce ga wadda ta haife ni, ta zo daga Ibadan saboda ni. Suka ce ƙarya nake yi. Na ce su zo su ji."

Allurar ta tsaya. Ta ja numfashi ta ci gaba, don ba a barin aikin jiga a rabi.

"Saboda kai na zo. Zan koma yau. In kana so, mu tafi tare. Akwai ƙanwarka, kullum sai ta yi zancenka. Akwai laka mai kyau a bakin rafinmu."

"Kin ce ba ruwanki da ni."

"Haka ake cewa. Ba haka ba ne a zuciyata."

"To me ya sa kika faɗa?"

Ta ƙara tura allurar a hankali. Jakar ta fito ɗungum, fara, kamar ƙwayar gero. Ta nuna masa a bakin allura, ta jefa a toka. Ta cika ramin da man kaɗanya, ta yage bakin zanenta ta ɗaure yatsan.

"Sun yi ta yi mini dariya har aka kira sallah," ya ce, yana duba ɗaurin. Ba fushi a muryarsa, bayani kawai yake yi. "Inna ba ta taɓa cewa ba ruwanta da ni ba. Ko na fasa abu." Ya sauke ƙafar ya gwada takawa. "Ta ce a jirgi ni zan zauna wajen taga."

Daga zaure Jatau ya ƙwala masa kira. Yaron ya miƙe, ya ɗan durƙusa yadda aka koya masa.

"Na gode, matar Kawu. Ki gai da Kawu."

A bakin hanya Raliya ta ba Amariya gwangwanin man kaɗanyar. Ta ce a riƙa wanke yatsan safe da yamma da ruwan gishiri, kada ya taka taɓo, kuma in sun isa Ilori a saya masa takalmi ko na fata ne, domin ƙasar tasha ba ta da kyau. Ta ce a jirgi kada a bar shi ya fitar da kai ta taga, an ce garwashi na tashi daga bututun. Amariya ta ce to, to, ba ta haɗa ido da ita ba. Da za ta hau mota ta kama hannun Raliya ta matse, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai direba ya yi ham.

An zaunar da yaron a kan ƙunshin tabarmi, yana fuskantar gaba. Matan zango na ta ɗaga hannu suna Allah ya kiyaye hanya. Raliya na tsaye a cikinsu, wannan karon ba ta kawar da kai ba, ta kalle shi sosai, ƙeyarsa da kunnuwansa da ƙashin kafaɗarsa, har motar ta sha kwana.

Tsohuwar mai jan baki ta dafa ta ta ce, "Kin burge ni, 'yar nan. Ko hawaye babu."

Motar Ibadan ba ta zo ba sai bayan azahar. Ta zauna a gindin bishiya ta jira, ƙunshinta a cinya.

Ke da kike karanta wannan, in kina da ɗa, a hannunki yake ko a hannun wani, ki ji ni da kyau. Ban ce ki zubar da kunya ba. Manya sun san abin da kike nufi in kin kawar da kai, amma yaro bai sani ba, abin da ya fito daga bakinki shi yake ɗauka ya tafi da shi. Duk ranar da aka tambaye ki a gabansa ko naki ne, ki dube shi ki ce naki ne, tun a tambayar farko, ko da duk matan gidan za su yi miki dariya. Kada ki jira a sake tambaya.